Taragon Tashar Ɗinya

Rahoton ya iso Dutse da hantsin Litinin, lokacin da Sufeto Muntaka ke fama da fankar ofishinsa da ta ƙi juyawa. An tsinci gawar wani saurayi a cikin tsohon taragon jirgin ƙasa a Tashar Ɗinya, tsakanin Ringim da Taura. Ƙofar taragon a rufe take, kuma daga waje aka saka mata sakata.

Sufeto Muntaka mutum ne mai jiki, mai saurin gumi. Ba ya son tafiya a bazara, ba ya kuma ɓoye wa kowa. Amma da ya ji maganar sakata sai ya ɗauki hularsa, ya ce wa Saja Hashimu ya fito da mota.

Wanda bai san Tashar Ɗinya ba zai wuce ta bai sani ba. Jirgi ne ya haife ta, a zamanin da Turawa suka ja layin dogo daga Kano zuwa Nguru don kwasar gyaɗa. Ya kwaso Barebari da Nufawa da Yarbawa ya zube su a nan, masu gyaran layi da 'yan dako da masu tuwon sayarwa, suka yi aure suka hayayyafa, har jikokinsu suka manta da kowane harshe ban da Hausa. A lokacin ba a tambayar agogo, jiniyar jirgi ce ke gaya wa mata su ɗora sanwa.

Daga baya kwalta ta zo ta janye kasuwa zuwa bakin titi. Jirgi ya dinga jinkiri har ya daina zuwa, bai kuma yi wa kowa sallama ba. Mutanen gari suka koma gonakinsu. 'Yan tasha kuwa ba su da gona, ba su da garin komawa, sai gidajen reluwe masu rufin kwano da suka gada tare da tsatsarsu. Gida uku suka rage da mutane.

Sun isa bayan azahar. An riga an kai gawar asibiti, likita ya ce babu sara babu suka, zafi da ƙishirwa ne suka kashe shi. Sunansa Fa'izu, ƙaramin ɗan Baba Mammadu, wanda a da shi ne heluma, wato shugaban leburorin gyaran layi a wannan yanki.

Taragon yana tsaye shi kaɗai a wani guntun layi da ya kauce gefe, bayan gidan Baba Mammadu, babu ko bishiya a kusa da shi. Tun da jirgi ya manta da shi a nan, mutanen gidan suka mai da shi rumbu, don gara ba ta cin ƙarfe. Ƙofarsa ta ja ce, ba ta da kwaɗo, sai wata ƙatuwar sakata da ake zurawa daga waje.

Sufeto ya hau ciki da ƙyar. Ya ce wa Saja ya ja ƙofar ya rufe, yana son ya ga abin da yaron ya gani.

Bai ga komai ba. Duhu ne, da wani irin zafi da ke shiga hanci kamar an buɗe murfin tukunya. Ya kai hannu jikin ƙarfen ya janye da sauri. Shekararsa da yawa a aiki, ya ga gawa iri-iri, amma a nan tsoro ya kama shi sosai.

"Buɗe, Hashimu."

Da haske ya dawo ya tsaya ya duba. Buhunan gero a can ƙurya. Jikin ƙofar daga ciki duk ya lotsa, ga wani dutsen layi a ƙasa da gefensa ya farfashe saboda bugu. Kusa da ƙofa, a bayan wani buhu, akwai jarka ƙarama babu ko ɗigo a cikinta, da gurasa a leda da aka gutsura sau ɗaya aka bari.

Saja ya ce wataƙila yaron ne ya shigo da guzurinsa. Sufeto ya ce wa zai shiga rumbun gidansu da guzuri?

"Wanda ya rufe shi ne ya ajiye masa. Kuma mai son kashe mutum ba ya ajiye masa ruwa da gurasa."

Mutanen unguwa kuwa sun riga sun yanke hukuncinsu tun da safe. Akwai wani mai sayen tsohon ƙarfe, Uwaisu, da ya daɗe yana zagayen taragon kamar kura ta ga akuya a turke, har sun taɓa cacar baki da Fa'izu a kansa. Samari suka kama shi suka fara ba shi kashi, da ƙyar 'yan sandan ƙaramin ofishin da ke bakin titi suka ƙwace shi suka saka a bayan kanta.

Sufeto ya same shi da kumburarren leɓe. Uwaisu ya rantse cewa jiya Lahadi tun asuba yana kasuwar Gujungu, bai dawo ba sai magariba. Sufeto ya bar shi ya gama rantsuwarsa, sannan ya gaya masa mai shayin bakin titi ya ga kurarsa ta ɗaukar kaya ta nufi tasha da hantsi.

Uwaisu ya sunkuyar da kai.

"Na je, Yallaɓai. Na san ranar kasuwa unguwar ba kowa. Ƙarafunan ƙarƙashin taragon na je dubawa."

"Ka taɓa ƙofar?"

"Wallahi a rufe na same ta."

"Me ka ji?"

Ya ce ya ji bugu daga ciki. Ya gaya wa kansa ƙarfe ne, don idan rana ta doke shi yakan yi ƙara. Da bugun ya sake zuwa, har da wani abu kamar murya, sai ya ɗauka tarko aka ɗana masa, ya ja kurarsa ya arce.

Haushi ya kama Sufeto har ya ji wuyansa ya yi zafi. Taku biyu da zare sakata, da yanzu yaron nan yana shan kunu a gidansu. Amma tsoro ba ya cikin laifukan da doka ta san su, ya haɗiye.

Uwaisu ya ƙara da cewa ko a mafarki bai zaci Fa'izu ne a ciki ba. Ai kowa ya san da safen Lahadin Fa'izu zai bar garin. Wani ɗan kwangila da ke aikin sabon layin jirgin da ake shimfiɗawa zuwa Dutse, wanda shi ma jikan 'yan tasha ne, ya yi alkawarin ɗaukar mutum ɗaya daga kowane gida. A gidan Baba Mammadu, Fa'izu ne. Sati guda yana yawo da sabon takalmin aiki yana nuna wa mutane.

"To wa ya tafi a motar?"

"An ce yayansa ne, Yallaɓai. Abdulkahar."

An yi jana'iza da la'asar. Sufeto ya bi sahu, ya yi gaisuwa kamar kowa, sannan ya sa aka kira masa Abdulkahar zaure. Mutum ne siriri mai faɗin kafaɗa, bai kai arba'in ba amma furfura ta fara masa. Da safen nan aka same shi a waya, ya baro wurin aikin ya taho. Yana tafiya yana ɗingishi.

Daga bakinsa Sufeto ya fahimci yadda gidan yake. Shekaru da suka wuce ɓarin jikin Baba Mammadu ya shanye. Ba ya tashi, ba ya juyawa, maganarsa ma sai an kai kunne. Sai an ɗaga shi, an wanke shi, an juya shi safe da rana da yamma don kada gefensa ya yi gyambo. Mahaifiyarsu ta rasu, 'yan'uwa mata suna gidajen aurensu a nesa. Matar Abdulkahar, Mahbuba, tana dafawa tana ba shi a baki, amma suruka ba ta wanke suruki. Aikin namiji ne, kuma maza biyu ne a gidan. Idan ɗaya ya tafi, ɗayan ya zauna ke nan.

Sufeto ya ce ya ji Fa'izu ne mai tafiya.

Abdulkahar ya ce haka ne da farko, amma ranar Asabar yaron ya sauya ra'ayi. Ya ce ba zai iya barin Baba ba, Yaya ya je. Shi kuwa da sassafe ya ɗauki jaka ya hau mota, ya bar Fa'izu yana barci.

"Me ya sami ƙafarka?"

"Takalmi ne, ranka ya daɗe. Sabo ne."

Sufeto ya dubi dunduniyar. Duka biyun sun saɓule, yatsun sun yi ƙurji. Wannan ba cizon sabon takalmi ba ne, takalmin ne bai kai ƙafar ba. Ya yi masa addu'a ya sallame shi.

Mahbuba ta zo ta tsaya a bayan ƙyauren zaure, mayafi ya rufe rabin fuskarta. Ita ce ta buɗe taragon da safen nan. Ta maimaita maganar mijinta kusan kalma da kalma, abin da Sufeto bai taɓa so ba a wurin shaidu.

Ya tambaye ta me ya kai ta taragon. Ta ce ai kullum da hantsi takan je ta ɗebo geron da za ta surfa, tun da aka kawo ta gidan ba ta fashi. Jiya ce kawai ba ta je ba. Ta dawo daga famfo ta tarar mota ta tafi, kafin ta ajiye tulu sai ga ɗan acaɓa da saƙon rasuwar goggonta a Ringim. Ta ajiye wa Baba kunu da ruwa kusa da hannunsa mai lafiya, ta hau babur. A can ta kwana. Wayarta ma tana shagon caji tun Asabar, mai shagon ya kulle ya tafi kasuwa.

"Kin tafi kin bar tsoho a kwance. Wa kika bar wa shi?"

"Ai na san maigida bai yi nisa ba, na ce yana..."

Ta tsaya. Ta gyara mayafi.

"Fa'izu nake nufi."

Sufeto ya ce ya gode, Allah Ya ba da haƙuri. Tausayinta ya kama shi. An ba ta ƙarya ta riƙe, ita kuwa ba ta iya riƙon ba.

Ɗakin Baba Mammadu yana ƙarshen gida, tagarsa tana kallon taragon. Yana kwance a kan katifa a ƙasa, dogon mutum da ciwo ya mai da shi kamar sanda. Ɗakin fes yake, babu wari, zanin gadon a wanke. Duk wanda ke kula da tsohon nan ya iya aikinsa.

Sufeto ya durƙusa ya gaishe shi, ya kai kunne kusa da bakinsa. Ya tambaye shi ko ya ji wani abu jiya.

"Ban ji ba. Kunnena ya mutu."

"Tun safe har dare, Baba?"

"Barci na yi."

A daidai lokacin Saja Hashimu yana can waje yana zagaya taragon. Mutum ne da hannunsa ba ya zama, ya ɗaga kulkinsa ya ƙwanƙwasa jikin ƙarfen sau biyu, a hankali ma.

Tsohon ya zabura. Hannunsa mai lafiya ya damƙi katifa, bakinsa ya buɗe ba sauti, hawaye suka gangaro ta gefen ido suka shiga kunnen da ya ce ya mutu.

Sufeto ya miƙe ya leƙa taga ya daka wa Saja tsawa ya bari. Sai da ya fito waje ya tsaya jikin mota sannan abin ya gama shigarsa. Yini guda da kwana tsohon nan yana kwance shi kaɗai, ɗansa yana bugun ƙarfe a bayan tagarsa, shi ba ya iya tashi, ba ya iya ihu. Ya ji bugun da ƙarfi, ya ji shi yana raguwa, ya ji lokacin da ya tsaya. Kuma duk da haka ya ce bai ji ba.

Saja ya ce to me zai sa uba ya rufa wa wanda ya kashe ɗansa asiri?

Sufeto ya buɗe mota ya ce su tafi, gobe akwai sammako.

Sansanin ma'aikatan yana cikin daji, yamma da Dutse, inda aka tara tsakuwa tsibi-tsibi ana daddaɓe hanyar da sabon layi zai bi. Matasa ne birjik cikin riguna masu ƙyalli, kowa daga garinsa. Sufeto ya dube su ya tuna gidajen kwanon Tashar Ɗinya. Haka kakannin waɗancan ma suka zo, da jaka ɗaya da murna.

Shugaban leburorin, wani baƙi mai ƙaramin gemu, ya tuna mutumin sarai. Ya ce da aka kira Fa'izu Mammadu shi ne ya amsa. Ya ga ya girmi yadda aka kwatanta, amma ya ga ƙarfi a jikinsa bai tsawaita ba.

Ya ce abin da ya sa ya riƙe shi a rai shi ne waya. Tun da suka sauka yake kiran lamba ɗaya ba ta shiga. Da rana ta take ya zo ya ce yana son komawa gida yanzu-yanzu. Shi kuma ya gaya masa gaskiya: babu mota sai gobe, ga hanya can in zai taka zuwa titi, amma wanda ya juya a ranar farko akwai goma da ke jiran gurbinsa.

"Sai ya yi yaya?"

"Ya tsaya yana kallon hanyar, Yallaɓai. Ya daɗe. Sannan ya ɗauki shebur ya koma aiki."

Ya shiga tanti ya fito da wata jaka da mutumin ya bari da safen Litinin saboda gaggawa. Sufeto ya zuge ta. Riguna ne na matashi, da turare, da sabon buroshi. A aljihun gefe akwai waya a kashe. Ya kunna ta, hoton Fa'izu ya fito yana dariya, ya ɗaga takalmin aiki a hannu.

A hanyar komawa Saja ya ce mutum zai iya bar wa ɗan'uwansa gurbin aiki, har da takalmi. Sufeto ya ce ƙwarai, amma a nuna masa saurayin zamanin nan da zai bar wa wani wayarsa.

Sufeto ya san abin da zai je ya yi, kuma ba ya so. In ya kama mutumin, ya kwashe wa tsoho ɗan da ya rage. In ya bari, ga Uwaisu a bayan kanta da samari na jiransa a waje, ga yaro a kabari. Gaba kura, baya siyaki, mota kuma tana ta tafiya.

Sun iso da azahar, 'yan zaman makoki sun tafi masallaci. Abdulkahar yana ɗakin mahaifinsa yana ba shi ruwa da cokali. Sufeto ya yi sallama, ya shiga, ya ajiye jakar a kan tabarma, ya ɗora wayar a kanta.

Abdulkahar ya dubi jakar. Ya gama ba tsohon ruwan da ke cokali, ya goge masa baki, ya ajiye kofin.

"Mu fita waje, ranka ya daɗe."

"A'a," in ji tsohon. Wannan karon ba sai an kai kunne ba. "A nan."

Abdulkahar ya zauna a ƙasa. Ya yi maganarsa a hankali, kansa a sunkuye, kamar mai ba da labarin wani.

Ya ce lokacin da ciwo ya kama Baba, shi ya sami gurbin karatu a Kafin Hausa, har ya ɗinka kaya. Fa'izu yana ƙarami. Aka ce ya dakata shekara ɗaya. Shekara ta zama sai Fa'izu ya gama sakandare, sannan su yi canji. Ya yarda. Abokansa suka tafi suka dawo da mota, shi yana nan, iyakarsa famfo da kanti, don ba ya iya nisan da zai wuce lokacin juyi. Ko Kano bai sake takawa ba.

Fa'izu ya gama. Maganar aikin layi ta zo. Shi ya ɗauka ba sai an faɗa ba, lokacinsa ne. Sai ya ji yaron ya riga ya je ya ba da sunansa. Ya kawo ƙara wurin Baba.

"Me Baba ya ce?"

Tsohon ne ya amsa.

"Na ce hannunsa na saba da shi. Yaron ba ya iya ɗaga ni, yana ji mini ciwo."

Abdulkahar ya ce wannan maganar ce ta hana shi sukuni. Ashe iya aikin da ya yi ne ya ɗaure shi. Da ya yi sakaci, da ya bar tsohon da wari, da tuni an sake shi.

Ranar Asabar da yamma ya kai jarka da gurasa taragon ya ɓoye. Da safe, bayan Mahbuba ta tafi famfo, ya ce wa Fa'izu ya zo ya taya shi jawo buhu ɗaya bakin ƙofa kafin mota ta zo. Yaron ya shiga har ƙurya. Shi ya diro, ya ja ƙofar, ya zura sakata.

"Ya yi magana?"

"Dariya ya yi. Ya ce, Yaya, bar wasa, mota za ta tafi."

Ya ce lissafinsa ɗaya ne. Mahbuba ba ta taɓa fashin zuwa taragon da hantsi ba. Za ta buɗe, yaron ya fito ya yi fushi, ya zage shi, mota kuwa ta yi nisa. Kafin rana ta yi zafi an gama. Bai san mutuwa za ta zo daga Ringim ta ɗauke ta ba.

Sufeto ya ce ya yarda da wannan. Amma akwai sauran tambaya, kuma ita ce ke damunsa tun daga daji.

"Da ka kira matarka ba ta shiga, kana da lambar mai shayi. Kana da ta liman, kana da ta maƙwabta. Me ya hana ka kira ɗaya daga cikinsu ka ce a je a buɗe?"

Abdulkahar ya ɗago kai. Idonsa a bushe yake.

"Na fito da lambar liman, ranka ya daɗe. Na riƙe wayar a hannuna. Na san in na kira, kafin la'asar an kawo Fa'izu an mai da ni gida. Sai na ce wa kaina ai ta buɗe. Na yi ta faɗa wa kaina ta buɗe. Ni na rufe shi, kuma ni na ƙi kira. Ku saki Uwaisu."

Daga bakin ƙofa aka ji wani ɗan sauti. Mahbuba ce, ta toshe bakinta da mayafi, ta zame ta zauna a dokin ƙofa.

Tsohon ya motsa hannunsa mai lafiya, Sufeto ya matsa kusa. Ya ce ya ji fitar su biyu, ya ji sakata, ya ji dawowar mutum ɗaya ya ɗauki jaka. Ya kira, ba a ji ba. Da Mahbuba ta shigo da kunu ya yi ƙoƙarin gaya mata, tana kuka tana sauri, ta ce masa to Baba, to Baba, ta fita.

"Ka rubuta da ni," in ji shi. "Ni na fara rufe ƙofar."

Sufeto ya ce doka ba ta da wurin rubuta wannan. Baƙin ciki ya cika shi, har ya ji ya tsani jakar da ya ɗauko da hannunsa.

Saja Hashimu ya ciro ankwa. Abdulkahar ya dubi inuwar da ke jikin bango ya ce lokacin juyi ya yi, a ba shi izini. Sufeto ya ɗaga wa Saja hannu, suka fita suka tsaya a tsakar gida.

Ta labule suna jin motsin ruwa a kwano. Ya wanke tsohon, ya shafa masa mai a baya da gwiwa, ya sauya masa riga, ya zura hannu ɗaya ƙarƙashin kafaɗa ɗaya ƙarƙashin ƙugu ya juya shi cak, ko nishi tsohon bai yi ba. Ya tokare bayansa da filo. Ya zubar da ruwan a magudana, ya kife kwanon, sannan ya zo ya miƙa hannuwansa biyu.

Saja ya saka ankwar. Sufeto ya leƙa ɗakin don ya yi sallama. Ya ce zai yi magana da mai unguwa da liman, zai sa a kira 'yan'uwa mata, za a san abin yi. Yana faɗa yana jin yadda maganar ba ta da nauyi.

Tsohon yana fuskantar bango yanzu, ba ya ganin kowa.

"Sufeto."

"Na'am, Baba."

"Da magariba wa zai juya ni?"

Sufeto ya dubi Mahbuba, ta kau da kai. Ya dubi Abdulkahar, shi kuma yana kallon ƙarfen da ke hannunsa. Saja ya kama gwiwar hannun mutumin, suka bi ta zaure suka fita da shi zuwa mota.